Baba Kyari da Kukan Boris

Duk wanda ya zauna a Fagge ya san Baba Kyari, in bai san sunansa ba to ya san motarsa. Farar a-kori-kura ce a da, yanzu launinta ya koma na kokon da ya kwana, tana jan wata 'yar tirela mai taya biyu wadda wani mai walda ya harhaɗa masa da ƙarafan tsohuwar Fijo. Aikinsa guda ne tun gemunsa na baƙi: ya ɗebi dilolin atamfa da shadda daga sito-siton Fagge ya kai wa 'yan kasuwar kudu tashar manyan motoci a Sabon Gari. Ba wata tafiya ba ce, mai ƙafa ma yana yin ta. Amma wannan jeka-ka-dawo shi ya ciyar da gida, shi ya aurar da 'yan mata, shi ne kuma ya cinye masa gwiwoyi da ƙugu, har ya zama sai ya dafa ƙofa yake fitowa daga mota.

Mahaifinsa Babarbare ne, jirgin ƙasa ya kawo shi daga Nguru da fatu, ya ga Kano ya ce ya iso. Shi Kyari a Fagge aka yanke masa cibiya, Barbarcin da ke bakinsa bai wuce na gaisuwa da na faɗa ba. Fatu ba su burge shi ba, warinsu ma ba ya so, sai ya bi mota. Ya yi karen mota, ya yi direban wannan, ya yi direban wancan, kafin Allah ya ba shi tasa. Ba shi da sauri, ba shi da surutu, ba shi da abin da za a ce ya fi wani da shi in ban da kunne. Ba a kunna rediyo a motarsa, ba a ɗaga gilashi ko ruwa ake tsugawa, domin a cewarsa mota ba ta mutuwa sai ta yi kuka, direba ne dai ba ya saurara. Har direbobi kan kawo masa tasu ya ɗan zaga da ita ya dawo ya ce a duba wuri kaza, kuma a duba a tarar.

To, kunnen nan ne ya kama hanya. Ba ciwo, ba ruwa, ba komai. Na hagu ya fara, na dama ya bi shi sannu a hankali. Da farko ya ɗauka mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in za su yi magana, har faɗa yake yi a kan haka. Sai da wata rana tattabarun maƙwabcinsa suka tashi gaba ɗaya a kan idonsa, ko fir bai ji ba, sannan ya gane daga kunnensa ne. Bai gaya wa kowa ba.

Dalilin ɓoyon a fili yake. Ɗansa Abdulnasir, wanda ke tuƙa adaidaita-sahu, ya daɗe yana cewa, "Baba, ka huta haka nan, ka bar min motar." Ba da mugunta yake faɗa ba, yaron kirki ne. Amma Baba Kyari ya ga irin hutun da ake nufi. Ya ga sa'o'insa a kan dakali, daga jiran kiran salla sai jiran kwanon tuwo, suna korar ƙuda suna ba da labarin Legas ta da. Wallahi tsoron dakalin nan yake yi fiye da tsoron kabari, don shi kabari an san ba makawa. Ya kuma san ranar da aka tabbatar ba ya ji, ranar mukulli zai bar aljihunsa. Ba shi ma da bakin musu, tunda shi da kansa ya yi shekara da shekaru yana cewa direban da ba ya jin motarsa makashi ne.

Sai ya koyi zama da abin, al'ada kuma ta rufa masa asiri. Gaisuwarmu ai a jere take kamar carbi. Mutum ya motsa baki, ka ce lafiya lau. Ya sake, ka ce da godiya. Ya ƙara, ka ce suna lafiya, ya naka gidan. Ba sai ka ji ba. Duk Fagge kuwa gaishe shi ake yi, don haka duk bakin da ya ga ya motsa a gefen titi, sai ya ɗaga hannu ya jero amsa. A masallaci yana bin sahu da wutsiyar ido. In aka kira shi a waya ya ce yana tuƙi, a same shi a sito. A gida kuwa, Allah kaɗai ya san abin da matarsa Falmata ta sani. Ta dai daina yi masa magana daga kicin, sai ta zo gabansa ta tsaya tukuna. Shi bai tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba. Amma fa ɓoyo aiki ne. Yakan dawo gida wuyansa a ƙage saboda kallon bakunan mutane, da wata gajiya da ta fi ta lodi.

Motar ce ba ta san gaisuwa ba. Ita ya fi tsoro, musamman boris ɗin tirela, wato zoben ƙarfen nan mai 'ya'ya a ciki wanda taya ke juyawa a kansa. Boris in giris ya ƙare masa yakan fara gurnani, daga nan ya koma kuka, in aka ƙyale shi ya yi zafi ya narke ya saki tayar. Da can tun yana gurnani Baba Kyari ke kama shi. Yanzu sai ya mayar da aikin ga hannu. Duk inda ya samu gefen titi sai ya tsaya kamar mai gyara igiyar kaya, ya sunkuya ya ɗora bayan hannunsa a cibiyar kowace taya. In ɗumi ne kawai, ya wuce. In ta cije shi, ya nemi giris. 'Yan dako na yi masa tsiya, wai Baba bai yarda da ƙullin kowa ba. Da wannan dabara ya ci rani ya ci damina.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce, a tsakiyar damina. An wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, lungun siton ya cika har gwiwa, kwata ta haɗe da hanya. Kayan na Madam Uchechi ne, 'yar kasuwar da ta daɗe ba ta yarda kowa ya ɗaukar mata dila sai shi. Ya kutsa da tirelar cikin ruwan aka yi lodi, ya sake kutsowa ya fito, ruwan ƙazanta yana wanke gindin tayoyin yadda ya ga dama. Ya san ruwa maƙiyin giris ne, wannan ko karen mota ya sani. Amma ruwan ya riga ya cinye safiyar, ga shi ran Juma'a in ka yi wasa a rufe hanyoyin masallaci ka maƙale har a idar. Ya hango mutane sun fara fitowa da darduma a kafaɗa. Ya dubi gurbin da ya saba tsayawa a titin Ibrahim Taiwo, ya ga ruwa kwance a wurin, gwiwoyinsa kuma suna yi masa magiya. Sauri dai kan haifi nawa, ya sani, amma ya ce a ransa tafiyar nawa take, ya wuce.

Bai yi nisa ba wani mai adaidaita ya matso gefensa yana magana yana nuni da hannu. Baba Kyari ya ɗaga nasa hannun. "Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya mutan gidan?" Mutumin ya ƙara buɗe baki, sai wata mota ta shiga tsakaninsu. Gaba kaɗan wani mai faci ya miƙe daga benci yana ɗaga hannu biyu, shi ma ya samu tasa gaisuwar. Dilolin sun yi tudu sun toshe madubi, ba ya ganin komai a baya sai tamfol. Ya ji ƙauri kam, don hancinsa lafiya lau yake, sai ya ɗora wa wata tsohuwar tifa da ke gabansa laifin. Har tsaki ya yi, ya ce direbanta ba ya jin motarsa.

Ya shiga Sabon Gari, ya miƙe titin Faransa, sai ya ji an fizge shi ta baya kamar an riƙe masa riga. Tirelar ta durƙusa gefe guda. Yana taka birki ya ga wata taya ta wuce shi ta dama, tana tafiyarta a tsaye cikin natsuwa, sai da ta yi gaba ya gane tasa ce. Ta tsallake kwata ta nufi teburin wata mai sayar da lemo da ayaba. Matar, Agnes sunanta, tashinta ke nan da goyo a baya don ta kakkaɓe ruwan da ya taru a lemarta. Tayar ta daki kujerar da ta tashi daga kai ta raba ta biyu, ta kife teburin, sannan ta kwanta. Lemo ya watse a titi.

Ya fito yana dafa ƙofa. Kafin ya zagayo an cika. Bakuna ko'ina, kowanne yana motsi, kuma ba ko ɗaya da ke bin jerin gaisuwa. Bakin ƙarfen da tayar ta fita daga kai ya yi shuɗi don zafi, wani ya zo da buta ya kwara masa ruwa, tururi ya tashi a gaban Baba Kyari shiru. Mai adaidaitan nan ashe ya biyo shi. Ya zo daf da fuskarsa yana ɗaga murya, har maganar ta shiga.

"Baba, tun daga Ibrahim Taiwo nake gaya maka tayarka na hayaƙi. Kukanta har cikin kaina."

"Ban lura da kai ba, ɗana. Hankalina na kan hanya."

"Ka lura da ni mana. Har mutan gidana ka tambaya."

Wasu suka yi dariya. Bai ji ta ba, haƙora ya gani. Ya juya ya nufi Agnes, wadda ta kwanto goyon ta rungume a ƙirji, yarinyar kuma baki a wage. Ya ba ta haƙuri, ya sake ba ta, bai san abin da take mayar masa ba. Sai ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa ya shiga tsintar lemo a cikin caɓi yana gogewa da bakin rigarsa. Ita ce ta gaji da ganin furfura a ƙasa, ta kama hannunsa ta tashe shi. Kunya ta rufe shi, tsoro kuma bai sake shi ba, domin duk inda ya juya sai idonsa ya faɗa kan kujerar nan da ta rabe.

Garejin Cyprian yana wani lungu a bayan titin, can ya taka. Cyprian bakanike ne, iyayensa daga kudu suka zo amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Shi ke duba motar Baba Kyari tun su biyun suna iya tsugunno ba nishi. Bai tsaya yawan tambaya ba. Ya kira Madam Uchechi a waya ya yi mata bayani da harshensu, ya juyo ya fuskanci Baba Kyari ya ce motarta ba za ta tashi ba sai bayan la'asar, kada ya damu. Ya zuba jak da guduma da sifanu a buhu, ya biya shagon kayan gyara ya karɓi sabon boris da gwangwanin giris, suka dawo tare.

Aikin ya ci rai. Sai da aka sauke rabin dilolin a kan tamfol kafin jak ya yarda ya ɗaga tirelar. Zoben ciki na tsohon boris ya narke ya manne da ƙarfen kamar an yi masa walda, 'ya'yan kuwa sun zube a hanya tun tuni. Cyprian ya sa cizal, ƙarfen sara, yana bugu da guduma yana hutawa, zufa na ɗiga daga haɓarsa, yana murza kafaɗar da ita ma ta fara ƙin aiki. Baba Kyari na riƙe masa ƙarfe, kowane bugu yana ratsa ƙashin hannunsa. Da ya ga mutane sun jeru a wani masallaci da ke tsallake, ya wanke hannu ya je ya bi sahu da rigarsa mai caɓi, ya dawo ya tarar zoben ya fita. Cyprian ya goge bakin ƙarfen da samfefa har ya yi santsi. Ya lakaci giris a tafin hannunsa yana danna sabon boris ɗin a ciki har giris ya ɓullo ta ɗaya gefen, ya zura shi, ya mayar da taya. Ya ɗaure noti tam, ya sassauta shi kaɗan, ya soka ƙusa ya lanƙwasa. Ya juya tayar, ta yi ta zagaye sumul.

Baba Kyari ya sauke ajiyar zuciya. A ransa har ya fara shirya abin da zai faɗa a gida: ruwa ne ya shiga boris, kowa ma hakan na iya samunsa. Ba ƙarya ba ce, kuma za ta iya wucewa. Ya miƙe zai yafuto 'yan dako a mayar da kaya.

Cyprian ya ɗaga masa hannu. "Dakata. Ruwan da wannan ta sha, 'yar'uwarta ma ta sha."

Ya ja jak ɗin zuwa ɗaya gefen, ya ɗaga, ya kama tayar hagu da hannu biyu ya juya ta da ƙarfi. Ya ja da baya yana goge hannu da tsumma, ya dube shi.

"Malam Kyari, kai ne mai kunne. Ya ka ji wannan?"

Baba Kyari ya karkata kai kamar yadda yake yi tun yana saurayi. Shiru, irin shirun da ya riga ya saba da shi. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi, amma ɗan Adam sai ya gwada. Tayar tana juyawa daidai a ido, ba ta rawa. Ya saci kallon fuskar Cyprian ko zai tsinci amsa a can, fuskar ba ta ba shi komai ba.

"Wannan ƙalau take," ya ce.

Cyprian ya ci gaba da goge hannunsa. A bayansa Agnes, da ke jera lemonta a kan kwali, ta ɗago ta dubi tayar ta yamutsa fuska, sannan ta dubi tsohon. Wani ɗan dako da ke zaune a kan dila ya sunkuyar da kai. Cyprian ya sake juya tayar, ya kamo hannun Baba Kyari ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen tirelar. Nan take abin ya hau masa hannu har kafaɗa, gurzar ƙarfe da ƙarfe, kamar ana niƙa tsakuwa. Boris ne da ke kan hanyar mutuwa, irin wanda a da yakan jiyo ko daga motar wani. Ya bar hannun a wurin har tayar ta tsaya.

"Tun yaushe ka sani?" ya tambayi Cyprian.

Cyprian ya matso ta damansa, ya yi magana a hankali, kalma bayan kalma. "Tun da ka daina dawo min da aiki. Da can in na gyara maka mota, kafin magariba ka dawo ka ce akwai wata ƙara, in yi ta nema ina zaginka a raina, ƙarshe in same ta. Yanzu an kwana biyu duk abin da na yi maka sai ka ce ya yi. Ni kuwa na san hannuna bai ƙara kyau ba, tsufa nake yi."

"Ba ka faɗa ba."

"Na ɗauka kai za ka faɗa. Na yi ta ƙara maka giris ina addu'a." Ya waiwayi Agnes da 'yarta, ya dawo da idonsa. "Yau kam ba zan iya yin shiru ba. Boris zan canja maka shi yanzu. Ɗayan abin ya fi ƙarfin sifanata."

Baba Kyari ya zauna a kan dila. Ya nemi fushi a ransa bai samu ba, gajiya ce kawai, irin wadda ke sauko wa mutum in ya sauke kayan da ya daɗe a kansa. Ya so ya ce zai ƙara yawan tsayawa, zai sayi dogon madubi, zai daina fita ran ruwa. Duk ya auna su, ya ga ba wanda zai sa ya ji mutum na yi masa ihu a gefen titi. Cyprian ya tafi ya karɓo wani boris ɗin, ya tsugunna da nishi ya sake aikin daga farko, shi kuwa yana kallo. Aka mayar da dilolin, aka ɗaure igiya. Rana ta karkata, saura a kai kaya tasha, kuma tashar ba nisa, daga nan ma ana hango rufin manyan motocin.

Cyprian ya tattara kayan aikinsa a buhu ya tsaya. Bai ce tafi ba, bai ce kada ka tafi ba. Baba Kyari ya zagaya ƙofar direba ya ɗora hannu a mariƙinta. Ya daɗe a haka. Sannan ya ciro wayarsa daga aljihu ya miƙa wa Cyprian.

"Kira min Abdulnasir. Ka ce ya ajiye adaidaitan ya zo ya kai kayan mutane."

"Ba za ka gaya masa da bakinka ba?"

"Ko ya ɗauka ba zan ji shi ba."

Karon farko ke nan da maganar ta fita daga bakinsa, kuma bai san ko da ƙarfi ya faɗe ta ba. Ya bar mukullin a jikin motar, ya zagaya ta gaba yana dafa bonet, ya buɗe ɗaya ƙofar. Kujerar cike take da igiya da tsummoki da galan ɗin ruwa, don ba mai zama a kanta. Ya kwashe su ya zuba a ƙasan motar, ya shiga ya zauna. Gwiwoyinsa suka tokare gaba, ya laluba neman abin da ake ja da kujerar baya, bai san inda yake ba. Sai ya bar ta haka, ya ɗora hannuwansa a cinya yana jiran ɗansa.